Ƙidayar Ungulu a Kwatar Kumo

Shekara hamsin ina fiɗa a kwatar nan.
Wuƙata ta fari ta siranta har ta koma tsinke,
ta biyu ɗana ya gada,
ta uku ce a ƙuguna.

Da can, kafin jini ya taɓa ƙasa sun sauka,
sun cika rimin bakin kwata, baƙi ƙirin,
wuya a lanƙwashe kamar tsofaffi wurin rabon gado.
Ba mu gayyace su ba, ba mu biya su ba.
Tumbi, hanji, mushen jakin Ardo Gidado,
kafin azahar sun share, sai ƙashi fari fat.
Ladansu a wurinmu jifa,
da ce wa yaro, “Tashi nan, ƙazami, ɗan ungulu!”

Ubana ya ce zamanin En'e
an yi wani Baturen daji mai gajeren wando,
ya hana talaka ɗana wa tsuntsu tarko,
ranar Lahadi kuma ya saɓa bindiga ya nufi fadama.
Soja suka zo da tasu dokar, mai lamba da hatimi.
Farar hula suka yi mata kwaskwarima.
Ungulu ba ta yi boko ba,
ba ta san tana da gata a takarda ba.

Sai aka fara zuwa da buhu cikin dare.
A barbaɗa wa mushe maganin ƙwari,
da asuba a tsince su kamar kanya.
Kai na masu neman kujera,
ido na mai son leƙa gobe,
ƙafa da fiffike, kowanne da kuɗinsa.
Ni ma, Allah na tuba,
shekarar da Hansai ta kwanta asibiti
na nuna wa wani baƙo sheƙa biyu.
Kuɗin suka ƙare a leda uku ta ƙarin ruwa.
Hansai ta tashi.
Rimin bai sake yin baƙi ba.

Bara aka kira mu sakatariya.
Manya daga Abuja, ruwan gora, lasifika mai kuka,
an raba hular hana-salla mai hoton ungulu.
Ciyaman ya miƙe ya kira ta ma'aikaciyar tsafta,
aka tafa, aka kafa kwamiti, aka ɗau hoto.
Ni ina kallon tudun laya a damtsensa
ƙarƙashin shadda mai sitati.
Na san wanda ya ɗinka ta,
na san abin da ke ciki.
Na ci shinkafata, na yi shiru.

Da, ungulu da kan zabo ake yi wa mutum.
Yau Barau mai magani kan zabo yake shanyawa,
ya rantse maka na ungulu ne.
Ko damfarar ta juya baya.

Ga Kaltume kuma, daga jami'ar Kashere,
madubin hangen nesa a wuya, littafi a cinya.
Duk ranar kasuwa tana kan kututturen da muke sara,
tana toshe hanci da gefen mayafi
saboda warin da ban tashi da shi ba.
Karnuka suka gaji aikin, su da ƙudaje,
ba su kuwa iya ba.
Ta ce, “Baba, da nawa kake gani?”
Na ce, “Wa ke ƙirga abin da ya yi masa yawa?”

Watan jiya ta rubuta uku.
Makon jiya, ɗaya, mai ɗingishi.
Ɗazu muna zaune inuwa ta gifta bisa kwata,
ta zabura, biro ya faɗa cikin jini.
Shirwa ce.

Ta tsamo biron tana gogewa, ba ta dube ni ba.
Na yanki guntun huhu mai kyau
na wurga kan rufin kwano,
abin da hannuna bai taɓa yi ba.
Ta ce, “Baba, na wa?”
Na ce, “Bar shi nan dai.
An ce ba ta jewar banza.
Wataƙila labari ne bai kai mata ba
cewa mun daina jifa.”